Kwana 80 da na yi a fita da'awa, da abin da ɗana ya gaya mini a bakin masallaci

'Yata ta rasu tana da shekara uku da wata biyu. Nimoniya ce ta yi ajalinta. Abin ya fara da tari da ɗan zazzaɓi, muka ɗauka mura ce irin wadda yara kan yi ta wuce. A dare na uku mahaifiyarta ta tashe ni, ta ɗaga rigar yarinyar ta ce in duba. Numfashi take yi sama-sama da sauri, ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa duk lokacin da ta ja iska. Yanzu na san wannan alama ce da ba a kwana da ita a gida. A daren kuwa agogo na duba, na ce a bari gari ya waye. Da gari ya waye muka kai ta asibiti, aka sa mata iskar oksijin, ba ta kai la'asar ba.

Babu likitan da ya ce mini da mun zo cikin dare da ta rayu. Matata ma ba ta taɓa faɗa ba, ko cikin kuka, ko cikin fushi. Na kuma san wa'adi idan ya cika ba a ƙara wa bawa ko daƙiƙa. Amma na kasa haɗa ido da matata. Duk sanda na shigo na tarar da ita zaune a bakin gado, sai in ji muryata a kunnena tana cewa a bari gari ya waye.

Ina da shekara 12 mahaifinmu ya rasu, yayana ya ɗauki nauyinmu. Abin da na koya wa kaina tun a lokacin shi ne, idan abu ya yi zafi ka tashi ka nemi aikin yi. Aka riƙa yabona wai yaro ne mai haƙuri, ba a jin bakinsa. Da wannan halin na girma, da shi na yi aure.

Bayan masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa sai na tsiri daɗewa a waje. In na tashi daga aiki sai masallaci, ba na komawa gida sai na tabbatar sun yi barci. Ana haka wata jama'a ta masu fita tabligi ta sauka a masallacinmu. Na taɓa bin su na kwana uku har sau biyu, don haka tsarin ba baƙo ba ne a wurina. Bayan magariba aka yi bayani, aka zo tashkili, wato neman waɗanda za su ba da lokacinsu. Wannan ya ce kwana uku, wancan ya ce arba'in. Na miƙe na ce a rubuta mini wata huɗu. Masallaci ya ɗauki masha Allah. Ranar kwana 50 ke nan da rasuwar 'yata.

Dole in yi wa mutanen nan adalci. Ba a tura mutum sai an zaunar da shi an bincika halin da yake ciki. An tambaye ni guzurina, an tambaye ni abin da na bar wa iyali, an tambaye ni ko mahaifiyata da matata sun amince. Na ce komai lafiya lau. A kan kuɗi gaskiya na faɗa, don na biya haya, na biya na makarantar ɗana, na bar abin da zai ishe su har in dawo. Amma amincewar matata ga yadda ta kasance: a tsaye na gaya mata, daga bakin ƙofa. Ta yi shiru mai tsawo, can ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Da asuba na tarar ta ninke mini kaya a jaka, har da maganin ciwon kai da na saba sha.

A ranar da za mu tashi daga markaz, cibiyar masu tabligi, aka yi mana hidaya, wato jawabin da ake yi wa masu fita. Mai jawabin ya tuna mana cewa wannan aikin Maulana Muhammad Ilyas ne ya fara shi a yankin Mewat, kusa da Delhi a Indiya, a wajajen 1926, cikin mutanen da suke Musulmi amma da yawansu ko kalmar shahada ba su iya faɗa daidai ba. Dabararsa ita ce a ɗauke mutum daga inda ya saba na ɗan lokaci, ya zauna a masallaci, ya koya yana koyarwa. Ya maimaita mana har sau uku cewa mai fita kansa ya fita gyarawa kafin kowa. Na ji maganar, na gyaɗa kai.

Mu goma sha ɗaya ne, amir ɗinmu wani dattijo ne mai furfura, tsohon malamin makaranta. Kowa da tabarmarsa da bargonsa, ga tukwane da kwanuka da murhu na jama'a da muke karɓa-karɓa wajen ɗauka. Kowa daga aljihunsa yake ci, ana haɗa kuɗi a hannun mutum ɗaya. Ba a roƙon kowa komai, an ma hana zuciya ta yi kwaɗayin abin hannun mutane. Ba a taɓa takalmin wani ba da izininsa ba. Ba a maganar siyasa, ba a shiga saɓanin malamai. Kwana biyu ko uku muke yi a masallaci, sai mu naɗe kaya mu yi gaba.

Yini kuwa a tsare yake tun daga tahajjudi. Bayan asuba a yi ɗan jawabi a kan siffofi shida: kalmar shahada, salla da natsuwa, ilimi da zikiri, girmama Musulmi, gyaran niyya, sai ba da lokaci don kira zuwa ga Allah. Idan rana ta ɗaga sai a zauna mashura, kowa ya faɗi ra'ayinsa, amir ya yanke, a raba ayyukan ranar. Daga nan ta'alim har kusan azahar. Mu muna karanta Riyadus Salihin na Imamu Nawawi, sannan a kasu biyu-biyu ana gyara wa juna Fatiha da surori goma na ƙarshen Alƙur'ani. A wannan zaman ne wani matashi da na girme da shekara 15 ya nuna mini cewa akwai harafin da nake karantawa ba daidai ba a Fatiha tun ina yaro. Bayan la'asar a fita jaula: ɗan unguwa yana gaba a matsayin dalili, wato ɗan jagora, mai magana yana biye, sauran suna zikiri a zuci, ido a ƙasa. A tsaya a ƙofar gida, a yi sallama, a yi magana gajeriya, a gayyaci mutum masallaci. Bayan magariba bayani, bayan isha'i a karanta tarihin sahabbai, sai barci.

Ba zan ɓoye ba, wannan tsarin ya yi mini daɗi, don bai bar mini minti ɗaya da zan zauna da kaina ba.

Cikin ayyukan da ake rabawa akwai hidima. Mutum biyu ne kullum: su sayo abin dafawa, su dafa, su shimfiɗa, su wanke kwanuka, su ɗebo ruwa. Da yawa sun fi son a ba su bayani. Ni kuwa kowace mashura hannuna na sama a kan hidima. Na koyi kunna murhu cikin iska, na koyi dafa wa mutum goma sha ɗaya ba tare da ya yi saura ko ya gaza ba, ni da ban taɓa ɗauraye kofin da na sha ruwa a gidana ba. Duk masallacin da muka sauka, banɗaki nake fara dubawa. Akwai wanda muka tarar magudanarsa ta toshe, ruwan alwala ya taru har mutane na tattare wando kafin su wuce. Ni da wani ɗan'uwa muka yini muna tona ta da hannu da guntun ƙarfe. Da ruwan ya wuce, ladanin masallacin ya riƙe hannuna da nasa biyu yana ta addu'a, har muryarsa na rawa.

Muna da wani tsoho a jama'ar mai ciwon gwiwa, ba ya iya tsugunawa. Na ɗauke masa ɗawainiyarsa gaba ɗaya. Ni nake zuba masa ruwan alwala, ni nake wanke masa ƙafa, ni nake shafa masa magani da dare, ni nake ɗaukar jakarsa a kan tawa. Yakan ce, "Ɗana, matarka ta yi dacen miji." Sai in sunkuyar da kai. Yana ɗauka kunya ce.

Mukan kuma je ziyara ta musamman: gidan mara lafiya, gidan tsohon da ya daina iya zuwa jam'i, gidan wanda shi ma ya fita ya bar iyali, a tsaya daga waje a tambayi ko akwai abin da suke buƙata. Na je irin wannan ziyarar ta ƙarshe ba sau ɗaya ba. Na tsaya a ƙofar gidan wani ina tambayar ko yaransa suna lafiya, ban taɓa kawowa a raina cewa ni ma akwai ƙofar da ya kamata a tsaya a yi wannan tambayar ba.

A kwana na 61 dalilinmu ya ce akwai gidan da aka yi rashin yaro mako biyu da suka wuce. Amir ya san labarina, sai ya ce ni zan yi magana. Muka je, uban ya fito, mutum ne da bai wuce sa'ana ba. Muka zauna. Na karanta masa hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa idan ɗan bawa ya rasu, bawan ya gode wa Allah ya yi istirja'i, wato ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah yakan umarci mala'iku su gina masa gida a Aljanna su sa masa suna Gidan Godiya. Na kawo masa yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Magana ta zo mini a baki yadda ban taɓa zato ba.

Mutumin ya saurara har na gama, ya yi godiya. Sai ya ce, "Malam, ni alhamdu lillahi. Ina fita, ina ganin mutane, ga ku ma kun zo. Uwarsa ce abin tausayi. Ita ke cikin ɗakin da yake kwana, ita ke ganin takalmansa. Shi ya sa na ajiye aiki na ɗan lokaci. Ba na iya ce mata komai, zama kawai nake yi kusa da ita. Ku yi mini uzuri idan ba ku gan ni a bayani ba."

Ban san yadda na dawo masallaci ba. A daren na kasa cin abinci. Na kira gida, matata ta ɗauka. Na ce yaya gida, ta ce lafiya. Na ce akwai abin da ya ƙare, ta ce babu. Muka yi shiru ina jin numfashinta, sai na ce to sai da safe. Duk wayar da muka yi cikin wata biyu ba ta wuce haka ba. Washegari na sake ɗaga hannu a kan hidima, na wanke tukunya har sai da hannuna ya yi kanta.

Da muka cika arba'in ta biyu muka koma markaz don ba da rahoto, kafin a sake tura mu arba'in ta ƙarshe. Ina shanya wanki aka ce ana sallama da ni a waje. Na fito na ga yayana tsaye, ga ɗana a gefensa, ga mahaifiyarmu a cikin mota ta buɗe ƙofa. Tafiyar awa biyar suka yi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta daɗe tana dubana, ta ce na rame, ta ba ni ƙullin kayan da ta kawo mini. Ba ta ce komai a kan gida ba, sai da ta ce, "Na so ta biyo mu, ta ce ba za ta iya ba."

Yaya ya ja ni gefe. Bai taɓa ɗaga mini murya ba tun rasuwar mahaifinmu, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce, "An gaya mini yadda kake yi wa mutane hidima a nan, na ji daɗi. Amma kada ka zama inuwar giginya, na nesa ka sha." Na fara kawo masa lada da falalar fita. Ya ce shi bai zo gardama ba, in je in gaisa da ɗana.

Yaron yana da shekara tara. Yana zaune a kan dakalin masallaci yana wasa da igiyar takalminsa. Na zauna kusa da shi, na tambaye shi makaranta, ya ce lafiya. Na tambaye shi ko yana salla a kan lokaci, ya ce e. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Abba, Umma tana kuka da dare. Tana ɗauka na yi barci. Ni nake tashi in riƙe mata hannu har ta daina." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Wani lokaci barci yana kwashe ni ban sani ba. Ka yi haƙuri."

Haƙuri yake ba ni. Yaron da ya rasa ƙanwarsa, wanda ban taɓa tambayarsa yadda yake ji ba, ya ɗauki aikin da na gudu na bari, har yana ganin ya gaza. Kukan da ban yi a maƙabarta ba, wanda ban yi ba tun ina ɗan shekara 12, a kan dakalin nan na yi shi, mutane suna wucewa. Ya sa hannu ya riƙe nawa, na gane irin riƙon da yake yi wa mahaifiyarsa ke nan.

Bayan magariba na sami amir na gaya masa komai, har da maganar a bari gari ya waye, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina tsoron ya ce Shaiɗan ne yake son yanke mini tafiya saura arba'in. Sai ya tambaye ni ko na san dalilin da ya sa Sayyidina Usman bai halarci Badar ba. Ya ce matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah, ba ta da lafiya, Annabi ya bar shi ya yi jinyarta, ya kuma ce masa yana da ladan wanda ya halarta da rabonsa. Ya ƙara da labarin Malik ɗan Huwairis da abokansa samari, da suka yi kwana 20 a wurin Annabi, da ya lura suna kewar gida sai ya ce su koma ga iyalansu, su zauna cikinsu su koyar da su. Sannan ya ce, "Ɗana, da ka gaya mana gaskiya ranar da aka tambaye ka, da ba mu karɓi sunanka ba. Ni ma ina da laifi, na san ka yi rashi, na ga yadda kake cinye kanka da aiki, ban zaunar da kai ba. Naɗe tabarmarka ka bi su."

Tsohon nan mai ciwon gwiwa ya rako ni har bakin mota yana dogara sanda. Na damƙa ɗawainiyarsa a hannun matashin da ya gyara mini Fatiha.

Mun iso gida bayan tsakar dare. Ta buɗe ƙofa, ta ce sannu da zuwa, ta koma ciki. Kada wani ya ɗauka dawowata ta gyara komai. Wata guda cur muna zaune kamar baƙi. Tana da haƙƙin yin fushi, kuma ta yi, irin fushin da ba a magana. Ni kuwa ban iya lallashi ba, abin da na iya kawai shi ne wanda na koyo a hanya. Da asuba sai in tashi in wanke kwanukan dare, in share gida, in shirya yaro makaranta. Ranar farko ta tsaya tana kallona, ta ce in bari. Na ce mata an tambayi Nana A'isha abin da Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Ta ce, "Ka daina karanta mini hadisi. Ka zauna kawai." Na ajiye soson, na zauna.

A wannan zaman, bayan kwanaki, na ce mata ni ne na ce a bari gari ya waye, kuma abin da ya kore ni daga gida ke nan. Ta dube ni kamar ba ta gane ba. Ta ce ita duk tsawon watannin nan tana ɗauka na tafi ne don ina ganin laifinta, tunda ita ce ta yini biyu da yarinya tana tari ba ta matsa a je asibiti ba. Kowannenmu ya ɗauki gawar a kansa shi kaɗai, a gida ɗaya, kwana 50, sannan na ƙara mata 80 a kai.

Yau shekara uku ke nan. Allah ya ba mu wani ɗan, yana tafiya yanzu. Ko tari ya yi cikin dare, ni nake fara ɗaga rigarsa in ƙirga numfashinsa, kuma ba na duba agogo. Ban bar aikin da'awa ba, ina fita kwana uku a wata, amma sai mun zauna da ita tukuna, kuma akwai watannin da ta ce a'a na zauna. Arba'in ɗin da ta rage mini tana nan ban cika ba.

A masallacinmu yanzu ni aka ɗora wa binciken masu son fita. Ina tambayar guzuri da kuɗin gida kamar yadda aka saba, sannan in ƙara da tambayar da ba kowa ke son ta ba: wa ka bari a gida, kuma a wane hali? Watan jiya wani matashi ya ba da sunansa na arba'in, matarsa ta yi ɓari bai fi mako uku ba. Ya ce ta amince. Na ce me ta ce? Ya ce ta ce Allah ya kiyaye hanya. Na rufe littafin, na ce ya tashi mu je in raka shi gida.